Ƙwaron da Auta Ta Aiko

"Matso da ita kusa da taga," in ji Baban Ƙwari. "A'a, ba haka ba. Ɗan karkato ta."

Goggo ta karkato wayar, ta ɗaga ta sama, ta sauke, har hannunta ya gaji. Sai ta dangwara masa ita a tafin hannu.

"Yaya, ƙwaro ne baƙi a kan farin abu. Iyakar abin da ke ciki ke nan. Ko gobe ka tambaye ni, ƙwaro ne baƙi."

Ƙanwarsa ce, amma tun da 'yarsa ta buɗe baki tana kiranta Goggo, shi ma ya bi sahu. Ita ke riƙe masa gida tun rasuwar matarsa, kuma ba ta taɓa yarda cewa girman yaya yana hana a faɗa masa gaskiya ba.

Ya laluba da babban yatsa ya sake danna saƙon murya. Muryar Auta ta cika falon, da sanyin ƙasar da take ciki a hancinta.

"Baba, ina kwana. An tashi lafiya? Ga hoto nan na turo maka. Ka duba min, namiji ne ko mace? Zan kira ka da yamma in an tashi aiki."

A ƙarshen maganar akwai wata 'yar dariya da ta danne. Ya san dariyar nan. Ita take yi tun tana ƙarama in ta ɓoye abu a bayanta.

Ya ɗaga wayar saitin fuskarsa, ya tsura mata ido, kamar dai yau za a yi masa sassauci. Ba a yi ba. Ciwon suga ya cinye tsakiyar idanunsa. Gefen duniya yana nan sarai, ga labule, ga ƙafar kujera, ga gyalen Goggo yana motsi. Amma duk abin da ya kalla kai tsaye sai ya ɓace, kamar an dangwala yatsa mai toka a wurin. Likita bai yi masa kwana-kwana ba, ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a lallaɓa abin da ya rage.

Mutumin da wannan ya samu kuwa, idonsa ne sana'arsa. Rayuwarsa duka ya yi ta ne a ɗakin kiwon ƙwari na tashar binciken amfanin gona, har sunansa na yanka ya ɓace a can. Ba ma irin ƙwarin da mutum zai nuna wa baƙo ya yi alfahari ba. Tirif ake ce musu, 'yan mitsi-mitsi da ba su kai rabin ƙwayar shinkafa ba, fuka-fukansu da geza kamar bakin gyale. Yawancinsu ɓarayi ne, su tsotse furen wake da ganyen albasa da tattasai, su bar manomi riƙe da haɓa. Amma akwai mafarauta a cikinsu, masu cin 'yan'uwan nasu, kuma su Baban Ƙwari ya kiwata a kejin raga, ana kai wa manoma su saka a gona maimakon feshi.

Wanda ya fi ƙauna a cikin mafarautan baƙi ne mai farar ɗamara. Macen tana da tsukakken ƙugu, tana gudu tana tsayawa kamar tururuwa, sai ka duba da kyau kafin ka gane ba ita ba ce. Abin mamakin irin nan shi ne matan ba sa jiran namiji. Su saka ƙwai, ƙwan ya ƙyanƙyashe mata, su ma su tashi su saka nasu. Littattafai sun ce namijin yana nan, yakan fito jefi-jefi, har sun siffanta shi a 'yan layuka. Baban Ƙwari ya juya dubban dubbai a ƙarƙashin madubin ƙara girma, tun gashinsa baƙi har ya yi fari, bai taɓa cin karo da ko ɗaya ba. Marigayiya matarsa takan ce, "Ofis cike da mata zalla, ba namiji sai kai. Dole ka riƙa dawowa gida a makare."

Auta kuwa ita ce ta fari, ita ce ta ƙarshe. Sai da aka fid da rai da samun wani aka fara kiranta haka, sunan ya zauna. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Daga makaranta takan zarce tashar, ta hau doguwar kujera ƙafafunta na lilo, ta sa ido ɗaya a madubi ta rufe ɗayan da hannu. Yanzu tana wata ƙasa mai nisa tana karatun digirin ƙarshe a kan ƙwarin nan dai. Shi da ita ba su iya doguwar hira ba. In sun gama gaisuwa sai shiru ya shigo ya zauna. Amma a kawo maganar tirif, sai kati ya ƙare ba su gama ba.

"Ka faɗa mata kawai," in ji Goggo. Ta zauna a hannun kujera tana ninke tsumman goge tebur. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau ga ranar ta zo har gida."

"Kin manta abin da ya faru lokacin ciwon uwarta?"

"Ban manta ba."

"Ta ajiye karatu ta taho. Ta yi jinya, ta rasa uwa, ta rasa gurbi. Sai da ta sha wuya kafin ta samu wannan. Yanzu da ya rage mata kaɗan, in ja ta da igiyar idona? Ba zan yi ba."

"Amma kana so ta dawo."

Yana so ta dawo fiye da yadda yake son idon nasa. Yana kewar ƙarar takalminta a bakin ƙofa, da yadda take buɗe tukunya tun ba ta ajiye jaka ba. Tun da idon ya tafi yake ce mata layin unguwarsu ba ya ɗaukar kiran bidiyo, don kada ta ga yadda yake neman fuskarta yana rasa ta.

"To ki taimake ni," ya ce, ya sassauta murya. "Ki sa tabaranki. Zan tambaye ki abu kaɗan, ki faɗa min abin da kika gani."

Goggo ta miƙe tsaye. "Na yi maka alkawarin ba zan faɗa mata ba, ban kuma faɗa ba. Amma ban yi alkawarin zan ara maka idona ka yi wa 'yarka ƙarya da shi ba. Nemi wani."

Ya nemi hularsa, ya sa wayar a aljihun gaba, ya fita.

A tashar mota bai iya karanta rubutun goshin bas ba, don haka ya tsaya yana sauraron kwandastoci har ya ji mai kiran hanyarsa. Ya samu wuri kusa da taga. Gari yana wucewa ta gefen idonsa, shaguna da babura da masu talla, duk wanda ya juya ya kalla sai ya narke. Hannunsa na kan aljihu. Zuciyarsa tana raya masa abin da bai yarda ya faɗa ba ko a ransa. Auta ba yarinya ba ce a wannan aikin. Ba za ta tambaye shi abin da ɗalibin shekarar farko zai gane ba, sai in akwai dalili. Ya yi ta kore tunanin. Wataƙila wani iri ne daban. Wataƙila mace ce da yunwa ta hana girma, ya sha ganin irinsu, su sa gabanka ya faɗi a banza.

Mai gadin tashar binciken ya hango shi tun daga nesa. "Baban Ƙwari! Ashe kana duniya? Matanka suna nan suna ta tambayarka."

"Ka ce musu na yi ritaya, su nemi wani."

Ƙafarsa ta san hanya. Doguwar baranda, kwana ta hagu, ƙofa mai raga biyu don kada ƙwaro ya fita ko ya shiga. Da ya tura ta biyun sai warin ya tare shi, warin sipirit da danshin ƙasar tukwane da ganyen wake mai ɗumi. Fanka tana kukanta na da. Ya tsaya cak. Bai san kewar ɗakin nan ta kai haka ba sai da ya shaƙe shi.

"Baba!" Dakta ce, wadda ke riƙe da ɗakin yanzu. Tare suka yi makaranta da Auta, har yau kuma ba sa kwana ba su yi magana ba. Ta taso ta durƙusa ta gaishe shi, ta kama hannunsa. "Yau wace rana! Ga kujerarka nan, ba wanda ya iya zama a kanta. Ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, kai kaɗai ka san lagonta."

"Kwali ake ninkewa a sa mata."

"Ka ji! To zo ka sa mana albarka. Jiya muka kwaso waɗannan daga gonar tattasai, duba min su."

Abin da ya kawo shi yana aljihunsa. Ciro waya kawai zai yi, Dakta ta kalla sau ɗaya ta faɗa masa. Amma kafin la'asar Auta za ta ji cewa ubanta ya kai tambayarta wurin wani, za ta kuma tambayi dalili. Tun a bas ya san haka. Ya dai zo ne, don mai ƙishirwa ba ya wuce rijiyar da ya sani.

Ya zauna. Kujerar ta karkata yadda ta saba, jikinsa ya gyara mata da kansa. Ya sunkuya ya sa idanu a madubin, yatsunsa suka sami marfin juyawa ba tare da lalube ba. Zoben haske ya bayyana, fari tas, kyakkyawa. A tsakiyarsa, inda ƙwarin suke, toka ce. Ya juya gaba, ya juya baya. Wani abu ya gifta ta gefe da gudu, baƙi, ya bi shi da ido, ya ɓace. Ya daɗe a sunkuye fiye da yadda ya kamata, don bai yarda da fuskarsa ba.

"Na baro tabarau a gida," ya ce da ya ɗago.

Dakta ta yi dariya. "Tabarau kuma, Baba? Ai kai ka koya mana a cire tabarau a ajiye, madubi ya san aikinsa."

Haka ne. Ya faɗi hakan ga duk wanda ya taɓa zama a ɗakin nan. A cikin duk ƙaryar da ke duniya ya zaɓi wadda ba ta shiga ta wannan ƙofa. Dariyar Dakta ta tsaya a rabi, ya ji tana kallonsa.

"Tsufa ne, 'yata," ya ce. "Yana sa mutum ya karya dokarsa."

Wayarta ta yi ƙara, ana nemanta a ofishin shugaba. Ta ce ya jira ta, don Allah kada ya tafi. Tana fita ya shafa gefen madubin da tafin hannu, ya miƙe, ya rufe ƙofofin biyu a bayansa yadda ake rufe su, ɗaya bayan ɗaya.

Kusa da inda ake jiran bas akwai shagon hoto. Ya gane shi ne da manyan hotunan angwaye da aka jingina a bakin ƙofa. Wata dabara ta zo masa. In aka buɗa hoton ya cika babban allo, wataƙila gefen idonsa ya kama abin da tsakiya ta kasa.

Mai hoton ƙato ne mai fara'a, yana cin gyaɗa a bayan kwamfuta. A benci wata mata tela tana jiran a wanke mata hotunan ɗinkunanta, tef ɗin awo rataye a wuyanta.

"Sannu da zuwa, Baba. Fasfo ne ko na biki?"

"Ƙwaro ne."

Mai hoto ya daina tauna. "To. Shi ma bawan Allah ne. Kawo mu gani."

Ya haɗa wayar da kwamfuta, ya buɗe hoton ya cika allo, ya ja wa tsohon kujera. Baban Ƙwari ya matso har numfashinsa na taɓa gilashin. Ya kau da kai gefe kamar kaza tana kallon shaho. Ga wani dogon duhu, ga abin da zai iya zama ƙafa, ga wani fari a tsakiya. Iyakarta. Gefen ido yana gaya maka akwai mutum a bakin ƙofa, amma ba ya gaya maka ko wane ne.

Ya koma ya jingina. A gaban baƙi abin bai yi masa nauyi ba. "Ɗana, idona ya mutu a tsakiya. 'Yata ce ta aiko, tana so in faɗa mata namiji ne ko mace. Ka ara min naka."

"Ikon Allah. Su ma suna da ango da amarya?" Mai hoto ya karkaɗe hannu ya gyara zama. "Ni dai a sana'ata wanda ya fi kwalliya shi ne amarya. Tambayi, Baba."

"Dubi kan. Idanun ƙanana ne a gefe, ko manya?"

"Manya ne fa. Sun kusa cinye fuskar. Kamar wanda ya ga kuɗin makaranta."

"Kan ya nutse cikin kafaɗa, ko ya fito?"

"Ya fito. Yana da wuyansa."

Baban Ƙwari ya ƙara matsowa. "Ƙahonin nan biyu na gaba, waɗanda yake shinshina hanya da su."

"Eriya?"

"To, eriya. Tsawonsu fa? In ka gwada da jikin."

"Dogaye ne. Amma ɗaya ya lanƙwashe, ban san yadda zan..."

"Matsa," in ji tela. Ashe tun ɗazu ta taso tana leƙe ta kafaɗarsa. Ta zare tef daga wuya, ta ɗora a kan allon, ta bi lanƙwasar da shi a hankali kamar tana auna hannun riga, ta riƙe wurin da farce. Sannan ta auna daga kai zuwa wutsiya. "Kaɗan ya rage su yi daidai, Baba. Eriyar ta kusa tsawon jikin duka."

"Ƙugun fa? Inda farar ɗamarar take. Ya tsuke sosai, sannan cikin ya buɗe ta baya, kamar na tururuwa?"

Tela ta yi tsaki irin na gwani. "Wannan ba shi da ƙugu. Siriri ne daga sama har ƙasa, kamar sanda. In aka kawo min shi ɗinki ba sai na tsuke komai ba."

"Fuka-fukan?"

"Ba su yi baƙin jikin ba. Sun ɗan koɗe."

Duk wannan Baban Ƙwari ya taɓa ganin rabinsa a jikin 'yan matan da yunwa ta tsumbure. Hukunci ba a saman jiki yake ba. "Da ma ta juya shi," ya ce, kamar da kansa yake. "Ba a yanke magana sai an ga ƙasan wutsiya."

"Ai hotuna biyu ne, Baba," in ji mai hoto. "Ga ɗayan nan, an kwantar da shi rigingine."

Bai ma san da na biyun ba. Tun safe yake yawo da shi a aljihu. Lallai Auta 'yarsa ce, ba za ta aiko da rabin aiki ba.

"Buɗa ƙarshen cikin. Macen tana da abin saka ƙwai a wurin, kamar 'yar wuƙa mai haƙoran zarto, a lanƙwashe, kwance a cikin tsaga. Da shi take yanka ganye ta cusa ƙwai. Ku duba da kyau. Ko inuwarsa kuka gani ku faɗa min."

Kawuna biyu suka haɗu a gaban allo. Mai hoto ya ƙara girma, ya ƙara haske.

"Babu zarto."

"Babu tsaga ma," in ji tela. "A dunƙule yake, mulmul, kamar kan ɗan yatsa."

Baban Ƙwari ya juya fuskarsa ga allon, ya kalli tsakiyarsa kai tsaye, inda abin yake. Ga shi nan, tsawon hannu daga hancinsa, an hura shi ya kai girman ɗan akuya, mai hoto ya gan shi, tela ta gan shi har ta auna shi. Mutum biyu da ba su taɓa nemansa ba ko na minti ɗaya.

"Baba, lafiya? Ango ne ko amarya?"

"Ango ne," ya ce. "Tun ina saurayi nake nemansa."

Tela ta mayar da tef wuyanta a hankali. Mai hoto ya wanke hoton a babbar takarda, ya sa a ambulan, ya ƙi karɓar ko sisi. Ya ce bai taɓa ɗaukar angon da aka daɗe ana jira haka ba.

A bas ɗin komawa ya zaro hoton ya shafa shi da yatsa. Sumul yake, ba abin da yatsa zai karanta. Yanzu ya gane komai. Auta ba tambaya take yi ba, ta san amsa tun kafin ta danna wayar. Kyauta ta aiko masa, ta naɗe ta da tambaya don ya kwance da hannunsa. Ya yi murna har ƙirjinsa ya yi zafi, ya kuma ji baƙin cikin da bai ji irinsa ba tun ranar da likita ya yi masa bayani. Amma dai yana da amsa. Zai faɗe ta daidai, da hujjojinta, Auta ta yi dariya, ta koma ga karatunta. Dakta ma in ta yi wata magana, amsar za ta rufe bakinta.

Goggo ba ta tambaye shi inda ya je ba. Ta ajiye masa abinci, ya taɓa kaɗan. Rana ta yi sanyi, inuwar gidan maƙwabta ta hau tagar falo, sannan wayar ta yi ƙara. Goggo ta danna masa ta miƙa, ta koma bakin ƙofar kicin ta tsaya.

Suka gaisa. Ta tambayi jiki, ya ce da sauƙi. Ya tambayi sanyi, ta ce ana fama. Daga nan ta kasa daurewa.

"Baba, ka duba?"

"Namiji ne," ya ce. "Idanu manya, ƙahoni kusan tsawon jiki, ba ƙugu, fuka-fuki sun koɗe. Ƙasan wutsiya a dunƙule, ba zarto."

Ta yi wata ƙara da bai ji irinta ba tun tana 'yar makaranta. "Na sani! Na ce wa abokan aikina babana kallo ɗaya zai yi masa! Baba, na'urar ɗumama ɗakin ce ta lalace, zafi ya yi yawa a keji ɗaya, muka ɗauka duk sun mutu. Da sauran suka fito daga 'yar saƙar da suke rikiɗa a ciki ina dubawa, sai ga shi. Na kusa faɗuwa daga kujera. Ban nuna wa shugabana ba sai da na turo maka. Na ce kai za ka fara ganinsa."

"Allah ya yi miki albarka."

"Kuma yana raye! Sanyi na sa masa ya yi barci na ɗauke shi hoto, ya farka. Yana nan gabana a cikin kwalba, kowa ya tafi gida, ni na kasa tafiya." Ta ja numfashi. "Yaya ka gan shi, Baba? Haka ka zata zai kasance?"

Ya ci jarrabawa. Abin da ya rage kalma ɗaya ce, ya ce haka ne, a yi sallama. Ya buɗe baki zai faɗe ta. Sai ya tuna abin da yake da shi a hannu: idanu kamar na wanda ya ga kuɗin makaranta, jiki kamar sanda. Da wannan zai zauna har ya mutu. Alhali ga abin can yana raye, yana motsi, a gaban ido ɗaya tak a duniya da ya san irin kallon da shi zai yi masa, don shi ya koya masa kallon. Ba tsoron Allah ne ya kama shi a lokacin ba, ba kuma maganar Goggo ba. So yake ya gani, kawai.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ban gan shi ba."

"Hoton bai buɗe ba? Bari in sake..."

"Ya buɗe. Mai shagon hoto ne ya duba min, da wata tela. Ni na yi tambaya, su suka gani." Ya dafa gwiwarsa. "Tsakiyar idona ta tafi. Duk abin da na kalla ba na ganinsa."

Ya zaci layin ya yanke. Can ya ji ƙarar wata fanka a ɗakin da take, irin kukan tasu ta nan.

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Goggo ta sani?"

"Ni na hana ta."

"Baba, zan nemi jirgi..."

"Za mu yi wannan maganar. Za ki yi min faɗa, na kuma cancanta, Goggonki ma tana nan tana jiran layi. Amma ba yanzu ba." Ya gyara riƙon wayar da hannu biyu. "Kin ce yana gabanki?"

"Yana gabana." Tana kuka, ba ta ɓoye ba.

"To share idonki, ba a duba madubi da hawaye. Ki sa shi a ƙarƙashin madubin ki faɗa min."

Ya ji ta ja hanci. Ya ji ƙarar kujera, da ƙaramar ƙarar gilashi a kan gilashi, da ɗan ƙyas na makunnin fitila. Goggo ta bar bakin ƙofa ta zo ta zauna a hannun kujerarsa. Ya rufe idanunsa duka biyu.

"Ya tsaya a gefen ganye," in ji Auta. Muryarta ta fara daidaita. "Ba ya gudu irin na matan, Baba, tafiyarsa daban ce, kamar mai jin kunya. Baƙin nasa ba baƙi ƙirin ba ne, in haske ya taɓa shi akwai ja-ja a ciki. Yanzu ya sunkuyar da ƙaho ɗaya, ya kama shi da ƙafar gaba yana gogewa, tun daga gindi, gaɓa bayan gaɓa, kuma gaɓa ta uku doguwa ce, ta kai..."

"A hankali," ya ce. "Koma kan ƙafar tukuna. Babu inda za ni."